Neman shawara: malaminmu ya mayar da lacca bidiyo, aji kuma ya zama wurin aiki

Binta, Unguwar Rogo:
Assalamu alaikum, 'yan uwa da manyanmu. Ni ɗalibar likitancin haƙori ce a nan Jos, ina aji huɗu. A wannan zangon, malamin da ke koya mana cike haƙori ya daina yin lacca. Yana turo bidiyo da takardu ta WhatsApp kafin ranar darasi, idan mun haɗu kuma sai tambayoyi da aiki a kan haƙoran roba. Kan ajinmu ya rabu, domin wasu na ganin malam ya ɗora mana aikinsa ne. Damuwata ita ce kuɗin data da rashin wuta, ga ilimin cututtuka da na magunguna suna jiran nasu lokacin. Mu roƙe shi ya koma tsohon tsari, ko kuwa mu daure?

Dakta Sadiya, Abuja:
Wa alaikumus salam, ƙanwata. Shawarata ita ce kada ku roƙe shi. Tsarin ba ƙirƙirarsa ba ne. Malaman kimiyyar sinadarai biyu, Jonathan Bergmann da Aaron Sams, su suka yaɗa shi bayan sun fara naɗar darussansu a jihar Kolorado ta Amurka a 2007, saboda ɗaliban da ke rasa aji. A ganina ya fi dacewa da fanninmu fiye da nasu. Rabe-raben ramukan haƙori da likitan haƙorin Amurka G.V. Black ya tsara, za ki iya haddace su a ɗakinki, ki mayar da bidiyo baya har ki gane. Amma riƙe injin huda haƙori, da daidaita zurfin rami don kada ki taɓa jijiya, da aiki a haƙoran sama ta cikin madubi inda hannu ke rikicewa, waɗannan ba sa koyuwa sai malam na tsaye a kanki yana gyara miki. Duk sa'ar da ya ɓata yana karanta muku rubutu, daga lokacin wannan gyaran aka cire ta, kuma majiyyacin da zai buɗe miki baki gobe shi zai ji a jikinsa.

Nura, Farin Gada:
Dakta, ban musa miki ba, sai dai akwai sharaɗi. Mun gwada tsarin a ajinmu, kuma ranar da rabin aji bai kalli bidiyon ba, darasin ya watse, malam ya koma maimaita komai. Bidiyon sa'a guda ma ba ya kalluwa ga wanda ya wuni a asibiti.

Malam Haruna, Titin Bauchi:
'Yata, ku tura shugaban aji ya same shi cikin ladabi, da buƙata a fili: ya yanka bidiyon gajeru, kowanne da manufarsa, ya turo da wuri, kuma ya buɗe aji da ɗan gwaji domin kowa ya shirya. Batun data kuma, mutum ɗaya ya sauke, sauran su karɓa ta Xender, ku raba kuɗin.

Binta:
Allah Ya saka da alheri. Zan kai wa shugaban ajinmu waɗannan buƙatu kafin darasin ranar Litinin.