Ƙanina ya dage cikin duniya kogo ne, har an koro shi daga aji

Yayar marayu: Salamu alaikum 'yan uwa, don Allah ku ba ni shawara, raina a dagule yake. Ƙanina ne, ɗan ajin ƙarshe a sakandare. Tun rasuwar Baba ni nake riƙe da shi, da ɗan ɗinkin da nake yi nake biya masa kuɗin makaranta. Bara na ɗauki adashe, maimakon in sauya keken ɗinkina sai na saya masa waya don karatu, har maigidana ya yi ta faɗa. Yanzu wata biyu ke nan ba shi da zance sai wai duniya cikinta fanko ne kamar duman da aka ƙwaƙule, akwai ƙaton rami a ƙuryar arewa, wato can ƙarshen duniya ta arewa, da wani a ƙuryar kudu, mutane na zaune a ciki da ranarsu. Ya nuna mini hoton duniya da tauraron ɗan adam ya ɗauka, mai baƙin da'ira a tsakiya, da littafin sirri wai na wani sojan ruwan Amurka, Byrd. Jiya aka koro shi daga aji. Na ƙwace wayar na kulle a durowa, tun daga nan ko tuwo bai taɓa ba.

Uwar biyu: Hmm, 'yar uwa ki gode Allah naki yaro ne. Ni maigidan ne da kansa, sai ƙarfe biyun dare yana kallon irin waɗannan bidiyoyin, kuɗin data ba ya yankewa amma in na ce cefane sai a ce babu. Kar ki mayar masa da wayar nan.

Tsohon malami: 'Yata, ƙwace waya ba zai cire abin daga kansa ba, hujja za ki ba shi. Zancen nan tsoho ne. A 1692 masani Edmond Halley na Ingila ya kawo shi don ya bayyana dalilin da allurar kamfas take karkacewa. A 1818 wani Ba'amurke, John Symmes, ya ƙara da cewa akwai ƙofofi a ƙuryoyin biyu, har ya nemi mutum ɗari su raka shi. A lokacin ba wanda ya taɓa zuwa can, to suna da uzuri. Amma an je. Amundsen, wani mai binciken ƙasa ɗan Norway, ya taka ƙuryar kudu ranar 14 ga Disamba 1911, ƙanƙara ya tarar shimfiɗe, ya kafa tanti a kai. A 1926 ya ratsa ta saman ƙuryar arewa a jirgin balan-balan mai suna Norge. A 1958 jirgin ƙarƙashin teku Nautilus ya bi ta ƙasan ƙanƙarar wurin. Hoton da ya nuna miki kuwa, in na 1968 ne, hotuna da yawa aka harhaɗa a watan Nuwamba, lokacin da rana ba ta fitowa a can sam. Duhu ne ya fito baƙi. Littafin Byrd ɗin kuma yana cewa a Fabrairun 1947 ya yi tafiyarsa a ƙuryar arewa, alhali a watan nan mutumin yana Antatika, nahiyar da ƙuryar kudu take.

Ɗan kasuwa: Malam, da girmanka, amma yaron da bai ci abinci ba wa zai zauna yana jera masa shekaru? Hajiya, ki ba shi wayarsa, ki lallashe shi ya rubuta abin da makaranta take so, in ya gama ya yarda da abin da ya ga dama. Wai me ya faru a ajin ma? Musu kawai ya yi ko rashin kunya?

Yayar marayu: Ni ban ƙwace don mugunta ba, da gumina na saye ta. Kuma ba ku san shi ba ne, in na mayar yau gobe ya raina ni. Malam na karanta masa abin da ka rubuta, ya ce gwamnatoci ne suka haɗa baki suna ɓoyewa.

Tsohon malami: Ki tambaye shi, Amurka da tsohuwar Tarayyar Sobiyet da suka yi ta gaba kamar su cinye juna, su ne za su rufa wa juna asiri? Jirgin Sobiyet mai fasa ƙanƙara, Arktika, ya isa ƙuryar arewa a 1977. A ƙuryar kudu kuwa tun 1956 akwai tashar bincike, mutane na kwana suna tashi a daidai inda ake cewa rami ne. Sannan an auna nauyin duniya tun 1798: a jimlace ya ninka na ruwa mai girma daidai da ita kusan sau biyar da rabi, duwatsun sama kuwa ba su kai sau uku ba. Abin da cikinsa fanko ne ba ya yin haka.

Uwar biyu: Malam, irin mutanen nan ba sa jin lissafi, na gwada. Addu'a kawai.

Yayar marayu: Na gode duka. Wayar dai tana durowa sai bayan jarrabawa. Yanzu ya fita tun la'asar bai dawo ba, kuma gobe aka ce in zo makarantar da wani namiji babba. Maigidana ya ce ba ruwansa.