Tambaya kan igiyar ruwa a Dam ɗin Tiga

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni malamin firamare ne a wani ƙauye kusa da Tiga. Ɗalibaina sun ga bidiyon masu hawa igiyar ruwa da allo a Tafkin Michigan na Amurka, alhali ba teku ba ne, suka tsare ni da tambaya. Na dai san iska ce ke tayar da igiyar: ƙarfinta, daɗewar da ta yi tana kaɗawa, da nisan da ta ci a kan ruwa. To me ya sa tamu, ko da iskar hadari ta sa masunta sun ɗaure kwale-kwale, gajera ce, nan take ta karye? Faɗin ne bai kai ba, ko zurfin? Don Allah a taimaka min da bayanin da yaro zai gane.