Abin da iyaye suka ce kan takardar ƙarshen shekara da dogon hutu

Muhawarar da iyaye suka yi bayan takardar da makaranta ta aiko musu a ƙarshen zango na uku ta yi tsawo. Ga abin da na tsinto:

1. Kuɗin makaranta. Nan aka fi ɗaukar zafi. Yawanci sun yarda ƙari ba abin mamaki ba ne a makarantar kuɗi, ga man janareta ga albashin malamai. Amma a faɗa tun Yuli, ba sai Satumba ana ɗinka yunifom ba. Wasu sun roƙi a riƙa biya kashi biyu.

2. Darasin hutu. Kawuna sun rabu. Iyayen 'yan aji biyar na sakandare sun ce dole ne, tunda jarrabawar kammala sakandare ta WAEC da NECO na jiran yaran, ga ta shiga jami'a, JAMB, da ake yi da kwamfuta, alhali wasunsu da yatsa ɗaya suke laluben haruffa. Sauran suka ce tatsar kuɗi ce kawai: gara yaro ya ƙarfafa haddarsa a Islamiyya, ko ya zauna shagon tela ko mai gyaran waya, ko ya tafi gona tunda damina ce. A ganina 'yan ƙananan aji kam a bar su su huta.

3. Sakamako. A daina tambayar "na nawa ka zo?" kaɗai. A duba makin lissafi da Turanci, a karanta abin da malamin aji ya rubuta a ƙasa.

4. Bikin yaye ɗalibai. Anko, hoto, abinci, kowanne da kuɗinsa. Iyaye mata musamman sun ce a rage.

5. Littattafai. A fitar da sunayensu da wuri, kada kuma a canza wanda ƙane zai iya gada daga yayansa.