Ruwan da Ya Dace da Kwaɗon Gida

Masu kiwon kwaɗi a gida sun yi ta musayar ra'ayi kan ruwan da za a zuba musu, ga abin da na tsinta. Kwaɗo ba da baki yake shan ruwa ba, ta fata yake tsotsa, musamman fatar tumbinsa, don haka duk abin da ke cikin ruwan, jikinsa yake shiga.

Ruwan famfo aka fi tsoro. Wasu suka ce a tara shi a bokiti a buɗe, ya kwana ɗaya ko biyu, kulorin, sinadarin da ake sa wa ruwan famfo don kashe ƙwayoyin cuta, zai fice. Haka ne, amma in hukumar ruwa da kuloramin (haɗin kulorin da amoniya) take aiki, ko mako ruwan ya yi a ajiye kuloramin ɗin yana nan daram. Sai maganin cire kulorin na masu kiwon kifi, irin su Seachem Prime, a bi awon da ke jikin kwalba. Ni wannan na fi yarda da shi.

Ruwan da aka tace har ma'adinansa suka ƙare bai dace shi kaɗai ba. An kuma ja kunne kan bokitin da ya taɓa ganin sabulu, da ruwan saman da ya gangaro daga kwanon rufi.