Kwana biyu kacal nake da su a Kyoto, ina zan fara?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Aiki zai kai ni Osaka ƙarshen Nuwamba, an bar min Asabar da Lahadi, ina so in leƙa Kyoto. Amma wuraren da ake lissafawa sun yi yawa har kaina ya ɗaure. Wanne ya cancanci wahala? Yaya kuma batun abinci ga Musulmi? Gwiwata ba ta son hawa da yawa.

Wani ɗalibi mazaunin Osaka:
Wa'alaikumus salam Yaya. Kada ki ce sai kin ga komai, ba zai yiwu ba. Kyoto shi ne fadar sarkin Japan tun 794 har 1868, sama da shekara dubu. Ya kuma tsira a yaƙin duniya na biyu, domin Amurka ta sa shi cikin garuruwan da za a jefa wa bam ɗin nukiliya, daga baya sakataren yaƙinta Henry Stimson ya sa aka cire shi. Shi ya sa tsofaffin gine-gine suka yi yawa.

Ni dai ki fara da fadar Nijo. Tokugawa Ieyasu, shugaban sojan da ke riƙe da mulkin Japan a lokacin, ya gina ta a 1603, kuma a nan mai mulki na ƙarshe daga gidansu ya sanar da mayar wa sarki mulki a 1867. Za a sa ki cire takalmi. Ki taka katakon barandar a hankali ki saurara, kukan tsuntsu yake yi a ƙarƙashin ƙafa, ana cewa don a ji mai shigowa a ɓoye. Ki sa safa mai kauri, katakon nan sanyi ne da shi a Nuwamba.

Wata Hajiya:
Ƙanwata, Kinkaku-ji, wurin bautar Buda da aka lulluɓe da zinare, ki je don hoto, minti arba'in ya ishe ki. Amma wanda za ki gani ba na asali na 1397 ba ne, wani matashin mai hidimar wurin ya banka masa wuta a 1950, aka sake gina shi a 1955. Abinci kuwa ki kula sosai. Ba naman alade kaɗai ba, suna zuba giyar shinkafa da ake kira mirin a miya, romon taliyar ramen ma sau da yawa na ƙashin alade ne. Ki nemi shagon da ya rubuta halal, in ba ki samu ba ki sayi dafaffen ƙwai da ayaba a kanti.

Wani mamba:
Ba wanda ya ambaci wurin bautar Fushimi Inari? Dubban ƙofofi ja jere a kan dutse, kyauta, ba a rufewa. Daga tashar Kyoto minti biyar ne a jirgin layin Nara.

Ɗalibin ya dawo:
Malam ka manta da gwiwa? Yaya ki je, amma ki tsaya a ƙofofin ƙasa, kada ki hau ƙololuwa. Ki isa kafin bakwai na safe, bayan tara ba wurin sa ƙafa, ga lokacin jajayen ganye ne mutane sun cika garin. Bas ma ki guje shi, jirgi ya fi.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai. To Nijo da Kinkaku-ji ranar Asabar, Inari Lahadi da sassafe. Hajiya, safar nan ta ulu zan saya ko ta auduga ta isa?