Ɗaukar ma'aikaci a kan gwaji: ina ake tuntuɓe?

Mai kayan gini, Garwa:
Assalamu alaikum. Yayyena masu kula da ma'aikata, ina neman haske. Za mu ɗauki akanta ɗaya da direbobi biyu. An ba ni shawarar in ce su fara gwajin wata 6, wanda bai yi ba in sallame shi. Haka tsarin yake?

Jami'ar ma'aikata, Marwa:
Wa'alaikumus salam, Alhaji. Wata 6 ba na kowa ba ne. Dokar ƙwadago ta Kamaru ta 1992 ta sa shi ne a matsayin iyaka, har da sabuntawa, manyan jami'ai kuma wata 8. Matakin aikin ne ke yanke tsawon gwaji. Mataki na 1 da na 2, kwana 15. Na 3 da na 4, wata ɗaya. Na 5 da na 6, wata 2. Na 7 zuwa 9, wata 3. Na 10 zuwa 12, wata 4. Ana iya sabuntawa sau ɗaya tak. Don haka fara duba yarjejeniyar sana'arku, wato wadda masu kamfanoni da ƙungiyoyin ma'aikata na fanninku suka ƙulla, ka ga matakin da direba yake da wanda akanta yake.

Abin da ya fi kayar da mutanenmu shi ne maganar baka, irin "zo ka fara, mu gani". Gwajin da ba a rubuta ba, a wajen doka babu shi. Mutumin ya zama cikakken ma'aikaci tun ranar da ya fara. A sa hannu kafin ya taɓa aiki, kowa ya riƙe kofinsa.

Tsohon shugaban ma'aikata, Ngaundere:
Hajiya ta faɗi gaskiya. Zan ƙara da abin da aka fi kai ƙara a kansa gaban sufeton ƙwadago: mantuwa da rana. Gwaji ya ƙare ranar Litinin, ba wanda ya lura, mutum ya ci gaba da zuwa har Alhamis, sannan a ce masa bai ci ba. Ai an makara. Ci gaba da aiki bayan wa'adi ba tare da sabuwar takarda ba ɗauka ce ta dindindin, kuma ana ƙirga ta daga farkon gwajin. Daga nan sallama sai da dalili a rubuce, da wa'adin gargaɗi ko kuɗinsa. In kotu ta ce korar ba bisa ƙa'ida ba ce, diyya ba ta gaza albashin wata 3 ba.

Maganinsa mai sauƙi ne. Rubuta ranar ƙarewa a kalanda, ka ja baya da mako guda, ranar nan za a yanke shawara. In sabuntawa ce, takardar ta isa hannunsa kafin wa'adi ya cika, ya sa hannu da kwanan wata.

Kuma in ka ɗauko mutum daga wani gari, a ce Yawunde, gwajin bai yi ba, kuɗin komawarsa gida a kanka yake, ko wa ya fasa.

Mai lissafin albashi, Garwa:
Alhaji, kada ka jira gwaji ya ƙare kafin ka kai sunansu CNPS, wato asusun fansho da inshorar ma'aikata na ƙasa. Kwana 8 ake da su daga ranar ɗauka. Ga direbobi ma abin ya fi muhimmanci, domin hatsari ba ya jiran takarda. Kuɗin fansho kashi 4.2 cikin 100 ne daga albashin ma'aikaci, 4.2 daga kamfani, har zuwa albashin sefa 750,000 a wata. Na iyali da na hatsarin aiki kamfani kaɗai ke biya. Ba a rage albashi don ana gwaji, na matakin aikin ake biya, kuma tun 2023 mafi ƙarancin albashi a kamfanonin da ba na noma ba sefa 60,000 ne.

Mai samo wa kamfanoni ma'aikata, Marwa:
Duk wannan takarda ce. Ni abin da ke damuna shi ne gwajin da ba a gwada komai a cikinsa ba. Wata ya shige ana gaisawa, ranar yanke hukunci sai a koma "yana da ladabi".

Akanta: a makon farko ba shi takardar banki ta watan jiya da littafin kasa, wato na shige da ficen kuɗi, ya daidaita su, ya nuna inda suka saɓa. Ka tambaye shi tsarin OHADA da ya yi aiki da shi, wato tsarin lissafin kamfanoni na bai-ɗaya da Kamaru da wasu ƙasashen Afirka ke bi. Wanda ya iya, kwana biyu sun ishe shi.

Direba: duba ajin lasisinsa, B na ƙaramar mota ne, babbar motar kaya sai C. A gwada shi da siminti a baya, ba mota wayam ba, a ga birkinsa a gangare da yadda yake duba mai da ruwa da taya kafin ya tashi.

Takardar shaidar aiki daga tsohon wurinsa ranakun shiga da fita da muƙami kawai take nunawa. Kira wanda ya shugabance shi, ka yi tambaya ɗaya: in ya dawo, za ka sake ɗaukarsa? Jinkirin amsa ma amsa ce.

In kuwa ɗan 'yar'uwa aka kawo maka, shi ya fi buƙatar takarda. Ita ce za ta kare zumunci ranar da aiki bai yi ba.

Magatakarda, Kusuri:
Mu nan bakin gada muna ɗaukar 'yan Chadi. Ɗan wata ƙasa sai an kai kwantiraginsa ma'aikatar gwamnati an buga masa izini kafin ya fara, ko da gwaji ne. Wanda zai buɗe reshe a Injamena kuma ya sani can dokarsu ta 1996 ce ke aiki, ya bi ta ofishin ONAPE, hukumar samar da aikin yi ta Chadi, kada ya ɗauki lissafin Kamaru ya tsallaka da shi.

Mai kayan gini, Garwa:
Allah ya saka da alheri. Hajiya, in mun tura akantan horon mako biyu kafin ya hau kujera, yana cikin lissafin gwajin?

Jami'ar ma'aikata, Marwa:
Ba ya ciki, Alhaji. Kwanakin hanya da na horo doka ta cire su. Rubuta ranar da horon zai ƙare a cikin takardar, daga washegari ƙirga ta fara.