Gemun wa za a fara shafa wa ruwa?

Baban Misfala: Salamu alaikum jama'a. Jiya bayan isha'i musu ya kaure a shagon ɗinkinmu a nan Makka kan maganar nan: "Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa." Wani yaro ne ya jawo ta don ya kare Amurka da Turawa da ke tura wa Yukiren makamai tun da Rasha ta afka mata a Fabrairun 2022. Na ce masa ba ta hau ba. Naka aka ce, ba nasa ba. Izina ce, ka ga abin da ya sami wani ka shiga taitayinka. Ba a ce ka ɗauki bokiti ka ruga gidansa ba. Ina masana?

Ɗalibin Madina: Wa alaikumus salam, Baba. Da gaskiyarka a zahirin lafazi. Wanda ya yi aiki da ita sak shi ne Finland, da ta shiga NATO a Afrilun 2023, Suwidin ta bi bayanta a Maris 2024. Haka taron NATO na Yunin 2025, inda aka amince a kai kashi 5 cikin 100 na arzikin ƙasa wajen tsaro kafin 2035. Wannan jiƙa gemun kai ne ba musu. Amma Baba, a yi wa yaron nan adalci. Ƙasar da ke iyaka da Yukiren, irin Poland, in ta tura igwa can, lissafinta shi ne wutar ta tsaya a gidan maƙwabci. Ko dala biliyan 61 da majalisar Amurka ta amince da su a Afrilun 2024, kaso mai tsoka a masana'antun Amurka aka kashe shi, ana cike rumbunan da aka kwashe. To gemun wa aka jiƙa?

Hajiya ta Jidda: Mu da ba mu da gemu sai mu shafa wa me? To bari in sa baki, ko da yake mu baƙi ne a ƙasar mutane, siyasa ba tamu ba ce. A Maris 2015 Saudiyya ta shiga yaƙin Yaman don ta mara wa gwamnatin shugaba Hadi baya, hujjar ita ce wuta ce a bakin ƙofa. Ranar 25 ga Maris 2022 ina shanya a saman bene na hango baƙin hayaƙi ya turnuƙe sama, ashe ma'ajiyar mai ta Aramco 'yan tawayen Husi na Yaman suka harba wa makami, ga tseren motoci ana shirin yi a garin. Wata maƙwabciyata ta ce da ba a shiga ba da ba mu ga haka ba, mijinta ya ce da ba a shiga ba da abin ya fi haka. Har yau ba su daidaita ba. Karin maganar kuwa kowannensu zai iya cewa tasa ce.

Ɗan Mai Wurno: Hajiya, ki bar ni da wannan, mu Hausawan Sudan ne muka ɗanɗana. Al-Bashir, shugaban ƙasa na lokacin, ya tura sojojin Sudan zuwa Yaman a 2015. A Disamba 2019 firaminista Hamdok da bakinsa ya ce sun kai 15,000, an rage su zuwa 5,000. Da yawansu 'yan Da'am Sari ne, wato dakarun RSF, yaran Janar Hamidti. Sun dawo da riyal, sun dawo da sanin yaƙi. Ranar 15 ga Afrilu 2023 wuta ta tashi a Khartum tsakaninsu da sojojin gwamnati, a Disamban shekarar suka shiga Wad Madani, babban birnin jihar Jazira, mutanenmu na bakin kogi suka yi ta gudu da buhun dawa a ka. Mun je kashe gobarar wani, namu gemun a bushe. Ni abin da nake cewa kullum, kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Baban Misfala: Allah ya kawo muku ƙarshen abin nan, ɗana. Amma waccan ta kuturu ka sa ta inda ba gurbinta ba. Ana faɗinta ne ga wanda ya karɓi kuɗin aiki mai ƙyama yana neman zillewa. Ita ce za a faɗa wa Al-Bashir da an biya shi ya ce ba zai tura kowa ba. Talakan Jazira da aka kora daga gonarsa, ladan wa ya ci?

Ɗan Mai Wurno: Nan ɗin ne ke ƙona min rai, Baba. Wasu suka ci ladan, wasu ke askin.

Ɗalibin Madina: Akwai ɓangaren da ba mu taɓa ba, na mai karɓar taimakon. Shi tasa ita ce "zanen aro ba ya rufe katara". Bayan cacar bakin Trump da Zelensky a fadar White House ranar 28 ga Fabrairu 2025, Amurka ta dakatar da tura makamai na kusan mako guda. Mako guda kawai, amma Turai kaf ta farga cewa mai zane na iya zuwa karɓar kayansa. Sojojin Afganistan ma shekara 20 ana ba su kaya da horo, a Agustan 2021 Kabul ta faɗi cikin 'yan kwanaki.

Hajiya ta Jidda: Ɗalibi, to ai kai ma ka dawo kan maganar Baba ke nan, kowa nasa.

Ɗalibin Madina: Ban dawo ba, Hajiya. Ba don zanen aron ba, da Yukiren ba ta kai yau tana yaƙi ba. Ina cewa ne dai ya taimaka, bai wadatar ba.

Baban Misfala: Ku yi ta kawo ƙasashe, ni dai a Kano na ji ta a bakin tsofaffi, kuma ban taɓa jin an faɗe ta ga wanda zai kai ɗauki ba. In ɗan kasuwa ya karye saboda bashi, ko an kama wani da kayan sata, sai a juyo a faɗa wa na kusa da shi. In akwai ɗan Sakkwato ko Damagaram a nan da ya ji ta da wata fuska, ya fito mu ji.